Ƙamshin Inabi a Ƙoƙon Jibrilla

Shekarar da mutanen Gombe suka daina zama a majalisa don tsoron bam, yayana Hamma Mu'azzam ya rufe wurin shisharsa na unguwarmu Jekadafari, ya jibge mana kayan a ɗakin ajiya, ya tafi Abuja neman aiki. Ni kuwa na gama digiri a ilimin sinadarai, takardar tana kwance cikin akwati, babu mai tambayarta. Sai na wanke kayan, na aika wa tsofaffin masu zuwa wurinsa cewa duk mai son shisha a gidansa ya kawo ƙoƙonsa in cika masa da taba, in rufe da takardar alminiyam, ya je ya ɗora garwashinsa.

Unguwa ta ɗauka. Matan maƙwabta suka koma amsa gaisuwata da hanci. Mahaifiyarmu Dada ta yi kuka, daga baya ta yi shiru da ta ga tukunya na hawa murhu kullum. Ban sunkuyar wa kowa kai ba. Ban taɓa zuƙa ba kuma, hancina da yatsuna ne ke aikin.

Ƙoƙo iri biyu ake kawo mini. Akwai mai sheƙi, mai rami ɗaya a tsakiya; shi yana riƙe ruwan taba, ana danna shi, yana jure wuta mai yawa. Akwai kuma na jan yumɓu mai ƙananan huji a gindi. Wannan ba ya son dannawa. Barbaɗa masa ake yi sako-sako, a bar tazara tsakanin taba da takarda, a sa garwashi a gefe. Yumɓu kuma yana shan ƙamshin abin da aka saba zuba masa.

Na Jibrilla na yumɓu ne. Jibrilla mai gyaran waya ne, shi ne kuma mutumin da nake jiran manyansa su zo gidanmu. Lokacin da ake zagina, shi ya tsaya a ƙofarmu ya ce wa masu zagin su kawo mana shinkafa in sun isa. Na'a-na'a da lemun tsami kaɗai nake zuba masa. Inabi kam ya tsane shi, yana cewa kansa ke sarawa ko a nesa ya ji.

Da aka hana babura, zuwansa ya ragu. Na yi masa uzuri, domin daga shagonsa na unguwar Malam Inna zuwa gidanmu shingen sojoji ba ɗaya ba ne. Wata Laraba da rana ya shigo zaure a gaggauce, ya miƙo mini ƙoƙon, ya ce zai dawo jibi. Na juya shi a hannuna. An wanke shi fes, Jibrilla da bai taɓa wanke ko kofin shayinsa ba.

Na kifa shi kusa da garwashi don ya bushe. Yana ɗaukar zafi, sai ƙamshin ya taso. Inabi.

Na ɗaga shi wajen haske. Hujin gindin sun toshe da baƙin danƙo, alamar an danna taba an kuma jibga mata wuta har ruwanta ya gangara ya ƙone. Ba hannuna ba ne wannan. Na tafasa shi, na goge da toka, na sake gasawa. Inabin na nan. Zubi ɗaya ba ya shiga yumɓu haka.

A wannan ɓangaren gari mutum ɗaya ke da tabar inabi: Madam Ndidi, wadda nake sayen takarda da gawayi a shagonta. Washegari na nufi can. A shinge aka sauke mu daga keke, muka wuce da hannuwa a sama, ƙoƙon yana cikin jakata, ni kuma ina ta auna fuskarta a raina. Ta girme ni, amma tana da kyau, tana da dariya.

Na dire shi a kan teburinta. "Madam, hannunki ne wannan?"

Ta leƙa ciki ta yi dariya. "Ni ce. Na faɗa wa mai shi ni mai sheƙi na iya, wannan na ƙauye ba na jin yarensa."

"Kin kusa kashe shi. Mai ƙoƙon ne ya ce ki zuba inabi?"

Dariyar ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi ƙoƙon. "Sadiya, ƙanwata, ni taba nake sayarwa, ba labari ba."

"To sayar mini da inabin."

Tana ƙulla mini, ba ta ɗago ba ta ce, "Shi dai ba ya ko shinshinawa. Mai zaɓen a keke take zama, hannu kawai nake gani, da jan lalle."

Na fito ina jin kunyar zargin da na yi mata, amma kunyar ba ta kai ko rabin abin da ke cin ƙirjina ba. Duk macen da na wuce a hanya sai na dubi hannunta. Wato ƙoƙon da nake zaɓar wa ganye ɗaya bayan ɗaya, shi wata ke zuƙa, tana fesa hayaƙin tana masa dariya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo. Ya tarar na haɗa tulu da tiyo a zaure, abin da ban taɓa yi ba.

"Ranki ya daɗe, yau kuma majalisa aka buɗe?"

"Ta mutum ɗaya. Zauna."

Na barbaɗa tabar a gabansa, sako-sako yadda ya dace. Na ja takarda ta yi tsam, na huda, na sa garwashi biyu a gefe, na jira yumɓun ya ɗumama. Ban taɓa cika ƙoƙo da kyau kamar ranar ba. Na miƙa masa tiyon.

Zuƙa ɗaya ya yi, ya ɓata fuska. "Mene ne wannan, Sadiya? Kin san ba na..."

"Na ga ƙoƙonka ya koya, na zaci kai ma ka koya. Ci gaba."

"Abokai ne suka ara."

"Abokai masu jan lalle?"

Ya sake zuƙa don ya samu abin yi da bakinsa, tari ya sarƙe shi. Na matsar da garwashin da awartaki don kada tabar ta ƙone, na ce, "Hankali, ba na son a ce aikina ne ya shaƙe ka."

Ya ajiye tiyon. "Suwaibatu ce, 'yar mai gidan da shagona yake. Wallahi ba wani abu ba ne. Ke kin yi nisa, hanya ta yi wuya..."

"Hanyar da na bi jiya da hannuwana a sama?"

Ban jira amsarsa ba, na ɗora.

"Kuma ita in ta sha, a ɗaki take sha, babu wanda ya sani. Ni ce dai mai shisha ta Jekadafari. Shi ya sa manyanka har yau ba su gane ƙofarmu ba?"

Ya dubi ƙasa. Da ya musa, da wataƙila na saurare shi.

Na shiga ciki na ɗauko ƙoƙo mai sheƙi daga kayan Hamma, na ajiye a cinyarsa. "Riƙe wannan. Ko me aka zuba masa, wanki ɗaya ya manta. Madam Ndidi ta iya cika shi."

"Ƙoƙona fa?"

"Ni na raine shi."

Ya fita da mai sheƙin a hannu. Na kwashe garwashin, na share zauren kafin mai ƙoƙo na gaba ya yi sallama.

Na yumɓun yana kan tagata. Na tafasa shi har na gaji, kuma ban sake cika wa kowa shi ba. In rana ta buge shi, ɗakin yakan ɗauki inabi, ni kuma in kama kaina ina tunanin ko Suwaibatu doguwa ce.