Alamar Ɗebewa a Layi na Tara

Shekara ashirin Farfesa ya yi yana gyaran dokar janyowa, ƙarfin nan da ke riƙe taurari. A ganinsa, in aka yi wa dokar kwaskwarima, za a gane yadda sararin samaniya ya kumbura farat ɗaya a farkon halitta, da yadda 'yar gargadar da ta samu a lokacin ta zama tushen tarin taurari. Da idonsa ya mutu, sai ya koma yana faɗa, autarsa tana buga masa a kwamfuta. Ita ma lissafi ta karanta a jami'a.

Wata Talata da hantsi wani tsohon ɗalibinsa ya zo gaisuwa, Farfesa ya sa shi karanta masa aikin. Auta na wanke kwanuka tana jin su. Ana zuwa layi na tara ta ji an daki tebur.

"Auta! Wa ya sa ɗebewa a nan? Tarawa na ce!"

Ta fito da kumfa a hannu. "Ni ce, Baba. Sau uku na bi lissafin, ɗebewa ne."

"Da ɗebewa ai gargadar ta ninka abin da na'urori suka auna sau goma! Aikin ya rushe ke nan. Wato don ba na gani kika mai da ni abin wasa?"

Nan zuciya ta ɗebe ta. "Tun wata biyu na fara yi maka maganar, ka ce bugawa ka sa ni, ba shawarata ka nema ba. In zuba ido ka aika, a yi maka dariya?"

Baƙon ya fara laluben takalmansa.

"Zauna!" in ji Farfesa. "Duba layin. Wa ke da gaskiya?"

Mutumin ya yi ta sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ita ce. Tun ina ɗalibi na lura, nauyinka na ji."

Auta ta juya kan baƙon. "Shekara goma sha biyu ka bar shi yana gini a kan kuskure, kana zuwa kana durƙusa masa?"

"Fita daga gidana," Farfesa ya ce masa.

Kwana uku bai kula Auta ba, ita ma ba ta neme shi ba. A rana ta huɗu ya ƙwala mata kira, fuska a murtuke.

"Kunna abin nan. Daga layi na tara za mu sake. In na kauce ki tsayar da ni, da baki, ba a ɓoye ba."

Ta ja kujera da ƙarfi ta zauna.