Awon Auta

Tela ta gaji abu biyu wurin Inna: keken ɗinki da kawaici. Ba ta taɓa ce wa mace ta yi ƙiba ba. Sai ta zagaya mata tef, ta haɗiye maganarta, ta ƙara inci a ɗinki, kowa ya tafi da mutuncinsa. Awon 'yan gida kuwa a bango take rubutawa da fensir, bayan ƙofar shago, inda Inna ma take rubuta nata.

Ciwon daji ne ya ɗauke Inna, ya dawo ya ɗauki ƙanwar Inna. Da aka gwada jinin 'ya'ya, aka ce Tela ta tsira, ƙanwarta Auta ce ta gaji ƙwayar halittar da ke jawo shi. Auta ba ta yi wata-wata ba, ta yarda aka cire nono, aka cire gidan ƙwan haihuwa. Likita ya ce haɗarin ya ragu ƙwarai, amma da ɗan saura: ciwon yana iya tsirowa a siririn tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, shi kuwa ba ya ciruwa. In ta ga kumburi ko saurin ƙoshi, ta dawo. A gaban Tela aka faɗa. To amma shekara shida ta wuce lami lafiya, shi kuma kunne labari mai daɗi yake riƙewa.

Ran nan da rana tsaka Auta ta kawo yadi. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, shago ya yi tsit. Tela ta auna. Ƙugu ya ƙaru, karo na uku ke nan a watanni huɗu. Damtse kuma ya ragu.

Ta tura ƙofa za ta rubuta, sai ta ga layin Auta ya sauko daidai gefen na Inna, wanda ya kusa gogewa. A layin Inna, ƙugu talatin da takwas, damtse goma. Abin da ke bakin fensirinta ke nan. Ta duba na sama, ɗaya ne. Na samansa ma haka. A ƙasa, layi biyu kacal suka rage da rubutun Inna, hannun yana karkacewa, daga nan sai bango fili.

Ashe ita ma Inna haka ta yi ta ƙara wa kanta inci a ɓoye. Tsoro ya kama Tela, irin wanda ba ta ji ba ko ranar rasuwar Inna.

"Yaya, bangon ne ya yi miki magana?" in ji Auta daga kan benci, tana dariya.

Tela ta juyo. "Auta, kina cin abinci kuwa?"

"Loma uku na ƙoshi. Wai ni da nake share tukunya."

"Ɗauko jakarki, asibiti za mu. Tun watanni huɗu nake ƙara miki awo ban faɗa ba."

Dariyar ta ɗauke. Auta ta ɗora tafin hannu a kan cikinta, ta daɗe tana kallon yayarta.

"Ai na sani, Yaya," ta ce a hankali. "Duk safiya ina gani a madubi. Sai na ce wa kaina, ke kike aunawa, da wani abu ne da kin faɗa mini."