Kan Dutsen da Dujam Ya Sassaƙa

A jikin bangon babban cocinmu akwai jerin kawunan dutse, can sama kusa da rufi. Gishirin teku ya cinye ɗaya, hanci ya tafi, baki ya shafe, sai Bishop ya ce masassaƙa biyu su gwada sassaƙa sabo, a zaɓi na mutum ɗaya.

Dujam na farko. Kakansa yana da kan da ya sassaƙa a jerin, ubansa ma haka, shi kuwa tsufa ya kama shi, hannu ya fara rawa, bai da ko ɗaya. Ta biyu Nevenka, wadda ta koyo aikin a Italiya.

Na je kallo ranar da aka fito da kawunan biyu dandali. Na Nevenka sumul, kamar ka yi masa magana ya amsa. Na Dujam goshi zungurere, idanu ramuka, duk jikinsa sawun ƙarfe.

"Kawu Dujam, wannan mutum ne ko kifin da ya kwana a rana?" in ji Stipe mai gahawa.

"Rufe mana baki. Ka taɓa sassaƙa wani abu ban da burodi? Aikin sama ba a ƙasa ake duba shi ba. Bari ya hau."

Kowa ya gyaɗa kai. Tun muna yara muke jin haka: aiki mai kaushi sai daga nesa yake kyau. Na karantar da tarihi har na yi ritaya, ban ga wanda ya gwada ba.

Aka ɗaure su da igiya, aka ja sama ɗaya bayan ɗaya. Muka ja da baya har bakin ruwa, muka ɗaga kai. Na Nevenka yana nan da kyansa. Na Dujam yana nan da muninsa, ya dai ƙanƙance.

"Malama, ke me kika gani?" Dujam ya tambaye ni.

"Abin da ka gani."

Bai yi musu ba. Ya ɗan jima yana kallon na ubansa, mai laushin kumatu, da na kakansa, mai faɗi kamar faranti. Ko su biyun ba su yi kama da juna ba.

Bishop ya zaɓi na Nevenka, aka sauko da shi. Kafin a shafa masa ƙasar gini, ta juya dutsen, bayansa da zai shige bango ya kalli sama. Nan masassaƙi ke sa alamarsa. Ta miƙa wa Dujam guduma da ƙarfe.

"Kawu, sa taka."

"Tausayina kike ji, 'yar nan?"

"Wuri ne ya ragu. Ka kula kada ka fasa mini kunne."

Ya tsuguna, ya sara alamar gidansu, ƙugiyar kamun kifi, kusa da tata. Ta ɗan karkace. Aka ja dutsen sama.

Nasa kan yana ƙofar shagon Stipe, da shi ake tokare ƙofa idan iska ta taso.