Muryar da Ta Shiga Kaset

Ranar da labarin rasuwar mijinta ya iso, kaset ɗinsa na tsofaffin waƙoƙin Indiya ne ke juyawa a rikoda. Ta fizge shi, zaren ya tsinke. Sai da aka yi wata biyar ta iya kai shi wurin mai gyaran rediyo.

"Baba, don Allah a hankali. Ba ni da wani."

Tsohon ya liƙe zaren da jan farce, ya naɗe da biro, ya kunna. Sarewa ta fara, ganguna suka biyo, mawaƙiyar ta sako muryar nan tata siririya. Can sai waƙar ta yanke, wata ƙatuwar murya ta karɓe, tana rera Indiyancin da ko Ba'indiye ba zai gane ba.

"Wane gwani ne ya danna jan maɓalli ya goge waƙar mutane?" in ji tsohon.

"Shi ne! Wallahi mijina ne!" Ta dafe ƙirji, ga dariya ga hawaye. "Maido baya, Baba, maido!"

Har yau, kullum ta ɗora ruwan zafi da safe sai ta kunna. In an zo wurinsa, ita ke yi masa amshin mace.