Basillar Safara'u

A shekarar da fari ya cinye damina ta biyu a jere, akuyar Gwaggo Hafsatu ta ci jirgin sama. Ba duka ta cinye ba, gwargwadon faifai ta yage a ƙasan fiffiken hagu, amma wannan ɗan wurin ya ishi Malam Dabo tashin hankali.

Jirgin na Alhaji Mati ne, wani attajirin gyaɗa a arewa da Ɗanbatta, wanda ya saye shi a hannun wani Bature mai komawa gida tun gyaɗa tana gyaɗa. Ƙaramin abu ne mai kujera biyu da farfela ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka duk ƙarfe ne, alhali fiffikensa katako ne a ciki, an lulluɓe da yadi, an ɗinke, an yi ta shafa fenti har ya yi tauri kamar fatar ganga. Khalilu ɗan Alhaji ne mai tuƙawa. Dabo kuwa shi ne bakaniken, shi ne kuma mai gadi. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zaune a ɗan gidan da ke manne da rumfar jirgin, a tsakiyar gonakin mutane.

A da gonakin nan ba a rasa wanda za a yi wa sannu da aiki. Yanzu gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, maza sun watse Kano neman abin kai wa baka, saura tsofaffi da mata da dabbobin da ake ƙirga musu haƙarƙari daga nesa. Dabo bai fasa aikinsa ba. Kullum da safe zai tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan tankin mai, ya juya farfela da hannu, ya bi ƙananan kafofin jirgin da tsinke yana fitar da laka, don zanzaro ya ɗauki jirgin nan gadon ubansa. Wani lokaci yakan wuni bai yi magana da kowa ba sai injin.

Abu ɗaya ne ya ƙi taɓawa. Shekara biyu da suka wuce Alhaji ya sayo sabon yadi, irin wanda ba ya ruɓewa kamar na auduga, ya ce a sauya wa jirgin riga. Yadin yana nan a naɗe a kusurwa. Duk lokacin da aka tambaya, Dabo sai ya ɗauko ɗan ma'auninsa, wani ƙarfe kamar alƙalami mai sifirin a ciki, ya danna a jikin fiffike. Idan yadi ya fashe kafin ƙarfen ya kai layin da aka zana a jikinsa, yadin ya mutu ke nan. Bai taɓa fashewa ba. Ina zai fashe, tunda kullum wuri guda Dabo yake dannawa, can ƙasa kusa da jikin jirgin, inda rana ba ta taɓa leƙawa ba? Shi ma ya san abin da yake yi.

Dalilin kuwa shi ne matarsa Safara'u ce ta ɗinka tsohon yadin. Ɗinkin fiffike aikin mutum biyu ne. Ana cire shi a tsayar da shi a kan gwafanni kamar katanga, mutum ɗaya nan, ɗaya can, ba mai ganin wani. Wannan ya tura doguwar basilla da zare mai kaki, wancan ya karɓa ya zagaye katakon ya maido, a ƙulle, a matsa gaba taƙi kaɗan, haka har sau ɗari-ɗari. Safara'u 'yar masu ɗinkin buhun gyaɗa ce, basilla ba baƙuwarta ba ce. Mutane sun yi surutunsu, wai matar aure a rumfar jirgi, Dabo ya ce rumfar ai cikin gidansa take. Sati uku suka yi suna yi. Ba ya ganin fuskarta, sai muryarta ta bayan yadi tana yi masa tsiya.

"Malam, ka karkace. Yo mai gyaran inji ya kasa bin layi?"

Allah bai ba su haihuwa ba. Da sanƙarau ya ɗauke ta a bazarar bara waccan, aka raba 'yan kayanta, 'yan'uwanta suka tafi da kwanoni da zannuwa. Abin da ya rage masa na hannunta shi ne ƙulle-ƙullen nan da ke jere a ƙarƙashin fenti. Yakan bi su da yatsa, yana jin inda ta ja da ƙarfi da inda ta gaji.

To, ran nan ya dawo daga rijiya ya tarar da akuya ta hau kan durom ta miƙe da ƙafa biyu, tana tauna jirgi hankali kwance. Gwaggo Hafsatu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi, ta biyo ta tana haki.

"Malam Dabo, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi kwana uku ko ƙaiƙayi ba ta samu ba."

"Ba komai, Gwaggo. Yunwa ce, ja ta ku tafi."

Da suka tafi ya kama bakin yagar don ya ga girman facin da za a sa. Bai ja da ƙarfi ba, amma yadin ya biyo hannunsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ya tsaya riƙe da ƙyallen yana kallonsa.

Bayan la'asar sai ga Khalilu a mota. Ya duba ramin, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba Dabo, yanzu har awaki sun shiga layin cin arzikin Alhaji? A liƙa masa faci kawai. Ran Asabar za mu tashi da Alhaji, an ce akwai masara a kudu, yana so ya gani da idonsa kafin ya tura motoci. Sauran yadin lafiya lau, ko?"

Faci aikin yini ɗaya ne, kuma idan aka shafa fenti ba mai ganewa. Dabo ya ɗauko ma'aunin. Ƙafarsa da kanta ta kai shi wurin da ya saba, har ya ɗora bakin ƙarfen. Sai ya dubi Khalilu, wanda matarsa ta haihu wata biyu da suka wuce, yana tsaye yana wasa da makullin mota, mutumin da ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ya tuna yadda iska take finciko saman fiffike idan jirgi ya yi nisa da ƙasa. Kunya ta rufe shi.

Ya jawo tsani ya hau. Ya danna ma'aunin a sama, inda rana take duka. Fus, ya shige. Ya matsa gaba ya danna, ya shige. Sau biyar yana yi, ko rabin layi bai kai ba.

Dariyar Khalilu ta ɗauke. "Tun yaushe, Baba?"

"Tun bara nake zargi. Ban duba nan ba ne don kada in gani."

"Kuma muna ta hawa?"

"Kuna ta hawa. Ka gaya wa Alhaji haka, kada ka rage komai. Idan ya ce in tattara kayana, gaskiyarsa ce."

Khalilu ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya kai kan jerin ƙullin da ke bin fiffiken. Ya san wadda ta yi su, ya sha cin tuwonta a rumfar nan. Ya ce za su bi mota, ya juya ya tafi.

Alhaji bai kore shi ba, bai kuma zo ba. Saƙo ya aiko: a sa sabon yadi. Tsofaffi uku daga masallaci suka taya Dabo sauke fiffiken suka ɗora a kan gwafanni, suka ce Allah ya ba da sa'a, suka koma. Shi da kansa ya sa reza ya yanke ƙulle-ƙullen, ɗaya bayan ɗaya. Bai bar ko guda ba, don aikin ba ya yiwuwa sai an yanke duka. Ya yi kuka, babu kuma wanda zai ɓoye wa.

Ya shimfiɗa sabon yadin, ya liƙe bakinsa da gam, ya bi shi da dutsen guga har ya ɗame. Yadi ne mai kyau, shi ma bai musa ba. Khalilu ya ce zai nemo tela daga Kano, amma wa zai baro birni ya zo ƙauyen da babu tuwo? Gwaggo Hafsatu kuwa ko zare ba ta gani.

Ranar Talata da hantsi ya ɗauko basillar Safara'u daga cikin gwangwanin da ya ajiye ta, ya zura zare, ya yi bismillah, ya tura ta ta ramin farko. Rabinta ya shige. Ya tsaya da hannu a buɗe yana jira, kamar yadda ya saba. Basillar tana nan a soke, ba ta motsa ba. Ya daɗe a haka kafin ya tuna babu mai karɓa a bayan yadin.

Ya zagaya ta bakin fiffiken, taku goma sha biyu, ya zaro ta, ya zagaye katakon ya tura ta baya. Ya sake dawowa taku goma sha biyu, ya karɓa, ya ƙulle. Da ya duba, ƙullin ya ɗan karkace daga layi. Ya saurara kaɗan, babu wanda ya ce masa komai. Ya kwance shi da kansa, ya sake tura basillar, ya kama hanyar zagayawa.