'Yar Wunin Malam Rabe

Malam Rabe ne ya zo da shukar furen nan garin Wurma, daga lambun wani gida da ya yi wa gadi a Kaduna, ya dasa ta gindin dutsen da yake zama yin alwala. Ita kuwa halinta ke nan: fure ya buɗe da hantsi, ruwan goro, kafin magariba ya yanƙwane. Gobe wani ya buɗe. Shi ya sa ya raɗa mata suna 'yar wuni. Kusa da hamada irin namu ba ƙasarta ba ce, ruwan alwala sau biyar ne ya raya ta.

Da Malam ya rasu, matarsa Gwaggo Huseina ta gaji dutsen da butar. Shekara uku tana tsince matattun furannin, ta shanya a faifai, ta murje tana neman ƙwaya. 'Yar manoma ce, a saninta duk abin da ya yi fure sai ya ba da iri. Ko ƙwaya ɗaya ba ta samu ba. Ga shi ɗanta Kamilu, malamin gona, ya matsa sai ta koma wurinsa Dutsin-Ma, ita kuma ta rantse ba ta tafiya ta bar furen Malam.

"Inna, wagga ba ta yin iri," in ji Kamilu. "Ita ɗai ce duk ƙasar Kurfi, ba 'yar uwar da zuma za ta ɗauko mata garin fure. Saiwa ake rabawa."

"Ka ce in sa mata wuƙa?"

Da kanta ta tona. Saiwoyin kamar ƙananan rogo, cike da ruwa. Ta raba biyu, ta mayar da rabi gindin dutsen don kada gidan ya zama kango, alhali ta san ba mai sake alwala a wurin.

Tsakar gidan Kamilu siminti ne, sai ta dasa nata rabin a bokitin fenti, tana alwala a kai. Shekara guda ganye kawai. Kewa ta ishe ta, don gidan ma'aikata ne, kowa ya fice da sassafe.

Damina ta biyu, wata Talata, fure ya buɗe.

"Malam, ta buɗe!" ta ce, kafin ta tuna.

Ta ja kujera ta zauna gadinsa, tana korar kaji, kunnenta na bakin ƙofa. Sai bayan magariba Kamilu ya shigo da babur, a gajiye. Ta kamo hannunsa har gaban bokitin. Ya duƙa ya dubi abin da ya rage, ya tsinke shi da farce.

"Ki riƙa cire matattun, Inna. Ta fi saurin sake wani."