Baƙuwa da Akwatin Muryoyi

Daren jiya na yi wani mafarki, amma kafin in ba da shi bari in faɗi abin da na kwanta da shi a raina, kada a ce haka kawai awaki suka shigo mini barci.

Matata Barira ta sauka lafiya, mun samu 'ya mace. Na yi mata huɗuba, sunan yana bakina da na uwarta kawai har ranar suna, kowa a gidan Baƙuwa yake ce mata. Ni makaɗin jita ne, don haka na tsara mata waƙa, na sa sunan a cikin amshi, ina so in naɗe ta a ɗakina a saka wa mutane bayan an raɗa suna. Matsalar ita ce amfilifayata, wato na'urar da ke ƙara wa jita sauti. Tsohuwa ce mai taurin kai, muryarta ba ta daɗi sai an ƙure ta, in kuwa aka ƙure ta har kwanukan maƙwabta sai sun yi rawa. Ranar da na gwada, jaririya ta tsandara kuka, Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana da ta zo yi wa Barira wankan jego, ta leƙo da muciya a hannu ta ce in na ƙara, da ni da jitar za ta haɗa a tukunyar ruwan zafi.

Sai abokina Sabitu mai shagon kayan kiɗa ya ce in nemi modela. Ɗan akwati ne da ke kwaikwayon muryar amfilifaya iri-iri: ka jona jita, ka sa abin kunne, sautin ya wuce kwamfuta, wanda ke gefenka ma ba zai ji ba. Ya baje mini su a kan tebur, manya da ƙanana. Tun ranar nake zaɓa. Suna ya matso, ni kuwa ban zaɓa ba.

To, a mafarkin sai na gan ni a wani gari da rana tsaka, jita a rataye a gabana, Baƙuwa a goye a bayana da zanen Barira. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi ya nufi sama. Mutane sun naɗe ƙafar wando, kawunansu a bushe. Mata sun kifa bahuna a kan rassan bishiya suna tarar ruwa. Na tambayi wani mai shayi inda ake sayar da modela, ya nuna mini gabas da hannu ya ce in yi yamma. Na yi yamma, na isa.

Ofishi ne mai fanka da labule. A bayan teburin farko akwai wata akuya kyalla da tabarau, tana tauna jarida a hankali.

«Sannu da aiki, Hajiya,» na ce.

«Yawwa. Murya ka zo saya ko ka kawo taka gyara?»

«Saya.»

«Ta wa?»

«Ta jita.»

Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi goyona. «Yarinyar fa, yaya sunanta?»

«Ba a yi suna ba tukuna. Sai na gama waƙa.»

«To madalla. Mu nan ba ma gaggawa. Shiga wajen Oga.»

Oga bunsuru ne, ya sha babbar riga, ya fesa turaren da bai iya rufe komai ba. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi mai jego, sannan ya buɗe wata ƙofa a bayan kujerarsa.

Sai ga mu a cikin garke. Akwatunan ne ke kiwo. Wasu na tsattsage ƙasa, wasu sun kwanta a inuwa fitilunsu na ƙyaftawa. Oga ya watsa musu dawa, suka rugo. Wallahi raina ya yi fari, don duk wanda na taɓa gani a shagon Sabitu yana nan, har da waɗanda a waya kawai nake ganinsu.

Na kama wani mai ruwan toka na jona jita, na taɓa tsirkiya. Shiru. Na sake taɓawa. Shiru.

«Wannan lafiyarsa lau,» in ji Oga. «Sautin yana hanya. Ya tsaya cin abinci a Kwanar Dangora, da la'asar zai iso.»

Na sake shi. Wani kuma da na ɗaga sai ya ce mini shi ba ya magana da kwamfuta, sun ɓata tun bara. Can a lungu akwai wani ɗan mitsitsi mai maɓalli uku, bai ko taso cin dawa ba. Oga ya ce wannan ba shi da surutu, murya kaɗan ya sani, amma ko an ɗauke wuta yana aikinsa. Na ce masa ni ba don abin wasan yara na zo ba. A lokacin ne wani ƙato mai allo mai launi ya zo ya goga jikinsa a ƙafata. Na tambayi murya nawa ya iya. Oga ya ce ba a taɓa ƙirgawa an kai ƙarshe ba, wanda ya fara ƙirgar ya yi ritaya.

«Shi nake so in gwada.»

«Gwada mana. Sai dai ka sani, mu a garin nan ba mu da agogo, maɓallin akwatin nan ne ke ja mana lokaci.»

Na ce to, irin «to» ɗin da mutum ke yi idonsa na kan abin da yake so.

Sai ga ni a ɗakina na gida, amma ba rufi. Na kwance Baƙuwa na shimfiɗe ta a tabarma, na sa abin kunne, na fara waƙar. Muryar farko tas take, ba ƙari ba ragi, kamar ruwan randa. Ta yi mini daɗi. Na kaɗa har na zo gab da amshi, inda sunan yake, sai zuciyata ta ce: in ta farko ta yi haka, ta biyu fa? Na murɗa maɓalli.

Ta biyu ta fi kauri. Na waiga, na ga Baƙuwa ta zauna da kanta tana tsotsar yatsa. Na ce ma sha Allah, yaran yanzu akwai sauri. Na sake daga farko, na zo gab da amshi, na murɗa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi a wurin nan irin wanda na daɗe ban ji ba. Akwai muryar da ke sa jita ta yi kamar a cikin rijiya kake kaɗawa. Akwai mai gurnani. Akwai wadda in ka taɓa tsirkiya ɗaya sai ka ji kamar biki ake yi a hayin kogi, iska na kawo maka shi guntu-guntu. Kowace na ji sai in ce ita ce, sai in zo bakin amshi in ce bari dai in ji ta gaba. Baƙuwa ta yi rarrafe ta wuce ta gabana. Ta dawo da ƙafarta tana jan wayar jita, na ce ta bari. Ta zo da allo a hannu ta ce za ta makaranta, na ɗaga mata hannu. Gwaggo Tabawa ta wuce ta sama a cikin tukunya, tana tuƙi da muciya, ta ce mini abinci na nan a rufe. Na ce ina zuwa.

Ina cikin wata murya mai amsa-kuwwa sai aka taɓa kafaɗata. Na zare abin kunne. Wata mace ce tsaye, cikakkiya, da mayafi da jakar hannu, hancin Barira a fuskarta, goshin kuwa nawa ne, ba wanda zai yi musu.

«Baba, sannu da aiki.»

«Yawwa, sannu. Daga ina?»

«Daga wajen aiki. Yau ma sun tambaye ni sunana.»

«Me kika ce musu?»

«Abin da na saba. Na ce Baba yana gwadawa.»

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta ajiye jaka, ta zauna a bakin tabarmar da na shimfiɗe ta a kai ɗazu, ta cire takalmi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa. Don in rage ta sai na ce, tunda ta girma, ta taya ni zaɓa: cikin duk muryoyin nan wacce ta fi mata daɗi?

«Waɗanne muryoyi, Baba?»

«Waɗanda nake ta kaɗawa.»

«Ai a kunnenka suke. Ni tun ina ƙarama ƙas-ƙas ɗin tsirkiya kawai nake ji.» Ta yi murmushi. «Amma na iya waƙar.»

Ta fara rera ta da hanci, daidai, ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Ta hau inda nake hawa, ta sauka inda nake sauka. Da ta zo bakin amshi sai ta tsaya cak, ta ɗaga hannu ta murɗa iska da yatsu biyu, ta koma farko.

«Haka take, ko? Nan take ƙarewa.»

Na ce a'a, ba nan take ƙarewa ba.

Sai ga Oga zaune a kan akwatin kayan Barira yana tuƙa. Na ce masa, ranka ya daɗe, ana komawa baya? Ya ce ana komawa mana, maɓalli ai hagu da dama yake yi, mutane ne ba sa tambaya. Sai dai duk muryar da na wuce a hanyar komawa ta tafi ke nan, ba za ta dawo ba.

«Har mai bikin hayin kogi?»

«Har ita.»

Abin ya yi mini zafi, ba zan yi ƙarya ba. Sannan na kama maɓallin na murɗa hagu.

Muryoyin suka riƙa fita daga akwatin ɗaya bayan ɗaya, suna bin ruwa zuwa sama. Mai gurnani ta tafi tana gunaguni. Ta rijiya ta yi sallama sau uku. Ita kuwa 'yata jakar hannu ta ɓace, mayafi ya zama ɗan hijabin makaranta, haƙoran gaba suka fita suka dawo ƙanana. Da ta kai tsawon gwiwata sai ta ce, «Baba, kar ka wuce da ni fa.» Na ce ba zan wuce ba. Na riƙa murɗawa a hankali har ta kwanta a tabarma, hannuwa a dunƙule, tana barcinta.

Akwatin da ke gabana ya zama ɗan mitsitsin nan na lungu. Murya ɗaya ta rage a ciki, ta farkon, tas. Na zare abin kunne ɗaya don in riƙa jin numfashinta, na danna jan maɓallin naɗar sauti a kwamfuta, na fara. Awakin ofis duk suka shigo suka jeru a bango, kyalla ta cire tabarau. Ruwa ya tsaya a tsakiyar iska yana jira. Na zo bakin amshi, yatsuna suka yi ƙaiƙayi, na danne su a kan tsirkiya, na buɗe baki zan faɗi sunan.

Sai ƙarar bokiti.

Na buɗe ido gari ya waye. Ragon suna ne da aka kawo jiya ya tsinke igiya ya ture bokitin ƙarfe a tsakar gida, Gwaggo na bin sa tana faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Na tashi ba takalmi na leƙa ɗakin Barira. Baƙuwa na nan a gefenta, duk tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba. Na daɗe ina kallonta, har Barira ta buɗe ido ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, aunawa nake.

Na koma na ɗauki waya na kira Sabitu, na ce ya aiko mini da ƙaramin nan mai maɓalli uku kafin azahar.

«Haba Tanimu, ba ka ce sai ka gwada babban ba tukuna?»

«Na gwada,» na ce. «Aiko kawai. Yarinya na jira.»